Wa Zai Shiga Mulkin Sama? Nasiha ga 'Ya'yanmu na Yammacin Zamfara

'Ya'yana maza da mata da ke Anka da Gummi da Bukkuyum da garuruwan da ke tsakani, na san ba ku da yawa a wannan yanki. Wasunku aikin koyarwa ne ya kai su, wasu aikin asibiti ko na ɗamara, wasu kasuwa, wasu kuwa nan aka yanke musu cibiya, iyayensu sun hauro daga ƙasar Zuru suna noma tun Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, kafin a yanke ta a 1996. A wasu garuruwan majami'ar ɗaki guda ce mai rufin kwano, a wasu ma a zauren wani dattijo ake sujada ran Lahadi. Mutumin da ke zaune haka, maƙwabcinsa na dama da na hagu duk Musulmi, kuma ba ya yin wata guda bai ji an kashe wani da ya sani a gona ko a hanya ba, dole wata tambaya ta riƙa hana shi barci: wa zai shiga Mulkin Sama, wa kuma za a rufe wa ƙofa?

Tambayar ba laifi ba ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin amsar da nake ji daga bakinku, da wadda nake gani kuna tura wa juna a WhatsApp da Facebook. Yaro bai taɓa karanta wasiƙar Romawa daga farko har ƙarshe ba, amma ya riga ya raba 'yan Adam gida biyu. 'Yan Katolika wuta, in ji shi, don suna girmama Maryamu. Ɗan Katolika kuma ya rama, ya ce waɗanda suka ɓalle daga uwar ikkilisiya ba su da rabo. Wani ya ce duk wanda ba a nutsar da shi cikin ruwa ba, baftismarsa ba ta yi ba. Wani ya ce sai mai magana da harsuna. Maƙwabta Musulmi kuwa tun a layin farko aka gama da su. Wannan hali yana ba ni tsoro saboda ku, domin mai yawan lissafin waɗanda za su shiga wuta yakan manta ya duba tasa ƙafar inda take.

An taɓa yi wa Ubangiji kansa wannan tambaya. A Luka sura 13, yana kan hanyar Urushalima, wani ya nemi ya san ko masu samun ceto kaɗan ne. Yesu bai ba shi adadi ba, bai kuma ba shi jerin sunaye ba. Ya juya maganar kan mai tambayar, ya ce masa shi dai ya yi fama ya shiga, don ƙofar matsattsiya ce. Sa'an nan ya ƙara abu biyu da ya kamata su sanyaya jikin kowane ɗan ikkilisiya. Akwai waɗanda za su kafa hujja da cewa sun ci abinci tare da shi, ya kuma yi koyarwa a unguwarsu, amma maigidan ya ce bai san su ba. Akwai kuma baƙi daga kowace kusurwar duniya da za a tarar a zaune wurin bikin. Wanda ya karanta wannan da natsuwa ba zai yi saurin buɗe baki a kan kowa ba.

To, mene ne ainihin koyarwarmu? Littafi Mai Tsarki bai yi mana sassauci ba wajen faɗin halin da muke ciki. Dukanmu masu zunubi ne, fasto da ɗan ƙwaya, kuma ba wanda yake da abin da zai biya ya wanke kansa a gaban Allah mai tsarki. Ku mutanen wannan yanki kun fi kowa gane wannan magana. A farkon Satumba na 2022 'yan bindiga sun shiga masallacin Juma'a na garin Zugu da bindigogi ɓoye cikin riguna, suka kora masallata daji. Irin wannan ya faru a gonaki da hanyoyi da gidaje ba iyaka, kuma duk wanda aka taɓa ɗauke wa ɗan'uwa ya san abin da ke biyo baya. Wanda ke ɗaure a daji, komai arzikinsa, ba ya fanso kansa. Ko rumbunsa cike yake da gero, hannunsa ba ya kai wa gare shi. Na gida ne za su sayar da shanun huɗa, su jinginar da gona, su bi dangi gida-gida ana haɗa dubu biyu, dubu biyar a cikin leda, har a samu wanda zai sadaukar da ransa ya hau babur ya kai kuɗin inda aka ce. A Markus sura 10 Yesu ya kira mutuwarsa fansa saboda mutane da yawa. Kada ku ja misalin ya wuce iyakarsa: Allah bai sace kowa ba, zunubinmu ne ya ɗaure mu, Allah kuwa shi ne ya biya daga wajensa, a kan gicciye. Amma ku lura da wanda aka fanso. Ba ka taɓa jin ya dawo gari yana bugun ƙirji wai shi ya ceci kansa ba. Ba ka kuma taɓa jin ya huta kwana biyu ya ce bari ya koma dajin da ƙafarsa ba.

Wannan shi ne abin da Bulus yake nufi a Afisawa sura 2, inda ya nuna ceto kyauta ce daga alherin Allah, ana karɓarta ta wurin bangaskiya, don kada kowa ya samu abin taƙama, ya kuma ɗora nan take cewa an cece mu ne domin mu yi kyawawan ayyuka. Ikkilisiya ta sha gardama a kan yadda za a haɗa waɗannan biyu. A farkon ƙarni na biyar Agustin, bishop na garin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi tsayin daka a kan wani malami mai suna Filajiyas wanda ya koyar da cewa mutum yana iya yin adalci da ƙarfin nufinsa, kuma taron bishop-bishop a Kartaj ya ƙi wannan koyarwa a 418. A 1517 Martin Luta ya tashi a Jamus a kan masu sayar wa talakawa takardun yafe horon zunubi, rigimar da ta raba ikkilisiyar Turai. Amma ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Lutaran sun sa hannu a takarda guda cewa alherin Allah kaɗai ke sa a karɓe mu, ta wurin bangaskiya ga aikin Almasihu, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke sabunta zuciya har ta yi aikin kirki. 'Yan Metodis sun bi sahu a 2006. Bambanci bai ƙare ba, ni ma ina da inda na tsaya. Sai dai idan manyan malaman ɓangarorin biyu sun iya zama suka amince a kan tushen, ban ga dalilin da zai sa ɗan ECWA da ɗan Katolika da ke haya a gida ɗaya a Gummi su riƙa jefa juna wuta ba.

Tunda kyauta ce, akwai abubuwan da ba su saye ta, kuma su ne muka fi jingina da su. Haihuwa a gidan Kirista ba ta saye ta. Sunanka Bitrus ko Rifkatu, kakanka yana cikin na farko da suka karɓi bishara a Zuru, mahaifiyarki shugabar zumuntar mata ce, duk wannan abin godiya ne, amma ba a gadon bangaskiya yadda ake gadon gona. Katin baftisma ma takarda ce in zuciya ba ta juya ba. Baftisma umarnin Ubangiji ce, kada wanda ya raina ta, sai dai a Ayyukan Manzanni sura 8 akwai Siman mai sihiri na Samariya wanda aka yi wa baftisma, daga baya ya fito da kuɗi yana neman ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa ya ce zuciyarsa ba daidai take ba. Ku riƙe labarin nan da kyau, domin jikokin Siman suna nan a talabijin da waya, suna cewa ka shuka iri na naira kaza a buɗe maka ƙofofin sama. Ka ba da baikonka da zakkarka da farin ciki don aikin Allah da taimakon gwauraye. Wanda ya ce maka da su za ka sayi wuri a wurin Allah, ya cuce ka.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce to shi ke nan, tunda ba aiki ke ceto ba, bari in sake. Yaƙub ya ce bangaskiyar da ba ta haifar da aiki gawa ce. A Matiyu sura 7 Yesu ya yi kashedi cewa kiran sunansa da baki bai isa ba, har masu annabci da fitar da aljanu da sunansa akwai waɗanda zai kora. A sura 25 kuma, inda ya zana ranar shari'a, tambayoyin da aka yi su ne na mayunwaci da baƙo da marar tufa da majinyaci da ɗan kurkuku. Ba sai ka yi nisa ba kafin ka same su. Garin Anka cike yake da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, mata da yara suna kwana a kangaye, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Ubangiji bai ce a tambayi mayunwaci addininsa kafin a miƙa masa kwano ba. In kana rera waƙa da ƙarfi ran Lahadi, ran Litinin kuma ka tauye mudu ko ka riƙe ladan ɗan ƙwadago, to ka binciki kanka, don itacen da aka ce yana da rai ya kamata a ga ganye a jikinsa.

Yanzu ga tambayar da ta fi ɗaci, wadda wata 'yar'uwa da aka kashe wa miji ta taɓa yi a gabana, hawaye na zuba, tana murɗa bakin zanenta: Baba, ashe wanda ya harbe shi, in ya tuba, zai shiga sama ɗaya da shi? Ba wanda ya iya ɗaga kai a ɗakin. Tsakanin 4 da 6 ga Janairu 2022 an bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana kisa ana ƙone gidaje. Gwamnati ta ce mutum 58, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. Duk wanda ya ga irin wannan, zuciyarsa za ta so a ce masu wannan aiki ba su da gafara har abada. Na fahimci wannan zafi, kuma ba zan ce wa gwauruwa ta yi kamar ba ta ji ciwo ba.

Amma ba ni da ikon in sauya abin da aka rubuta. Mutumin da Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi baki da baki, a ranar da zai mutu, ɗan fashi ne. Luka sura 23 ta ba da labarinsa. An gicciye shi tare da ɗan'uwansa a sana'a, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba a yi masa baftisma ba, bai taɓa ba da baiko ba, hannuwansa ma a kafe suke, ba abin da zai iya yi da su. Abin da ya yi kawai shi ne ya amsa laifinsa, ya shaida cewa Yesu ba shi da laifi, ya roƙe shi ya tuna da shi. Bulus da muke karanta wasiƙunsa kowace Lahadi yana tsaye yana goyon baya lokacin da ake jifan Istifanas har ya mutu, ya kuma bi gida-gida yana jan masu bi zuwa kurkuku. Saboda haka amsar ita ce i, ɗan bindiga in ya tuba tuban gaskiya ya dogara ga Almasihu, jinin da ya wanke ni ya isa ya wanke shi. In da akwai girman zunubin da ya fi ƙarfin gicciye, da ba wanda zai san ko nasa yana ciki.

Sai dai ku dubi ɗan fashin nan da kyau, domin akwai abin da ake tsallakewa. Ya ce hukuncin da ake yi masa daidai ne. Yesu ya gafarta masa, amma bai sauko da shi daga gicciyen ba. A kai ya mutu, sojoji ma sai da suka karya ƙafafunsa. Gafarar Allah ba ta rufe kotu, ba ta kuma hana hukuma aikinta. Ku dubi Zakka mai karɓar haraji a Yariko, a Luka sura 19: da ya tuba sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan ne Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. Mun ga sulhun da aka yi a jihar nan a 2019, aka kira wasu tubabbu, suka miƙa 'yan bindigogi a gaban masu ɗaukar hoto, ba a jima ba da yawansu suka koma ruwa. Tuban da ba ya sako wanda aka ɗaure, ba ya mayar da shanu, ba ya yarda ya tsaya gaban shari'a, ba shi ne Littafi yake nufi ba. Kafin kuma mu gama da na daji, mu tuna da na cikin gari: mai kai musu labarin wanda ya sayar da hatsi, mai kai musu man fetur da burodi a kan ninkin kuɗi, mai sayen saniyar da ya san ta sata ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada kuma ɗayanku ya ce zai yi irin ta ɗan fashin, ya ci duniyarsa ya tuba a bakin kabari. Su biyu ne a wurin, ɗayan da zagi a bakinsa ya mutu. Ba wanda ya san ranarsa: manoman da jirgin ruwa ya kife da su a Gummi a watan Satumba na 2024 gona suka nufa da safe kamar kullum.

Sai maganar yara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma da Tungar Guru, daga baya aka ga Bagega ma abin ya yi tsanani. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida, a daka shi a turmi ko a niƙa a injin, ƙurar mai ɗauke da dalma ta bi tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Yaro ya fara amai da jijjiga, kafin a ankara ya tafi. An ƙiyasta yara fiye da 400 suka mutu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ina waɗannan yara suke? Akwai malaman da a zamanin da suka yi tsanani a kan jaririn da ya mutu ba baftisma, amma ko ikkilisiyar Katolika, wadda take nauyaya baftismar jarirai ƙwarai, ta fitar da bayani a 2007 da amincewar Fafaroma Benedict na 16 cewa akwai dalili mai ƙarfi na sa zuciya ga cetonsu. Ni dai abin da na riƙe shi ne Yesu ya ji haushin almajiransa da suka kori yara daga wurinsa, ya rungume su, ya ce Mulkin na irinsu ne. Dawuda ma da jaririnsa ya rasu ya tashi ya yi wanka, yana sa rai zai je wurinsa wata rana. Duk wanda zai tsaya gaban uwar da ta binne goyonta, Kirista ce ko Musulma, ya ce mata ɗanta yana wuta, bai san Ubangijin da yake wa'azinsa ba.

Kakanninmu fa, da maƙwabtanmu? A nan nake so ku fi natsuwa. Bishara ba ta daɗe a ƙasar Hausa ba. Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin bisharar da ya zama SIM, a Girku ya mutu a 1894 bai kafa ko majami'a guda ba. Wani mai bishara, Dokta Miller, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, aka mayar da aikin Wusasa a 1929, kuma sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Ƙasar Zuru ma sai a shekarun 1920 masu bishara suka zauna a cikinta. Ke nan kakan kakanka ya rayu ya mutu ba wanda ya taɓa karanta masa Yohanna sura 3 da harshen da yake ji. Za ka ce Allah ya halicce shi ne don wuta kawai?

Ba zan ɓoye muku abin da muka gaskata ba don in faranta wa kowa. Yesu ya ce shi ne hanyar zuwa wurin Uba, ba wata, Bitrus kuma ya maimaita haka a gaban majalisar Yahudawa a Ayyukan Manzanni sura 4. A kan wannan muke tsaye, shi ya sa muke shaida. Duk wanda zai shiga sama, ta dalilin aikin Almasihu zai shiga, har Ibrahim da Musa da Dawuda waɗanda suka rayu kafin a haife shi. Inda masu bi suka rabu shi ne wanda bai ji ba, ko ya ji a gurguje daga bakin da halinsa ya ɓata maganar. Ikkilisiyar Katolika, a babban taronta na Batikan na biyu, ta rubuta a 1964 cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa da taimakon alheri, yana iya samun ceto, ta kuma ambaci Musulmi da suna cikin girmamawa. Yawancin ikkilisiyoyin bishara, irin su ECWA da Baftis, sun fi tsayawa a kan cewa sai mutum ya ji ya gaskata, suna kafa hujja da Romawa sura 10. Kowane ɓangare da ayoyinsa. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne mai shari'ar Allah ne, kuma ba ya zalunci. Romawa sura 2 ta ce akwai shari'a a rubuce cikin zuciyar wanda bai karɓi Attaura ba. Luka sura 12 ta nuna wanda aka ba da yawa shi za a fi bi bashi. Karniliyas, sojan Roma, tun bai ji bishara ba aka gaya masa addu'arsa da sadakarsa sun kai gaban Allah, duk da haka aka aiko masa Bitrus ya yi masa wa'azi. Ku riƙe kan labarin da ƙarshensa tare.

A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hari a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo da ya haura shekara tamanin, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu, ya ƙi buɗe ƙofa. Ban ce wannan aiki ya saya masa sama ba, don nawa aikin ma bai saya mini ba. Amma ba zan buɗe bakina in yanke masa hukunci ba, ku ma kada ku yi. Wanda ya ce kofin ruwan sanyi da aka ba ƙaramin almajirinsa ba zai tafi a banza ba, ya ga abin da aka yi a Nghar, kuma ya fi mu sanin yadda zai yi da shi. An aike mu mu zama shaidu, ba a ɗora mu a kujerar alƙali ba.

In abokinka Musulmi ya tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana. Shi ma malamansa sun koya masa cewa ba wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah, don haka maganar alheri ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Inda kuka rabu shi ne gicciye da ko wane ne Yesu, kuma wannan rabuwa babba ce, kada ka shafe ta don neman a so ka. Amma Bitrus ya ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi. Kada ka zagi abin da yake girmamawa, a fili ko a waya. In ya gaya maka abin da addininsa ya ce game da makomarka, kada ka yi fushi, shi ma abin da ya gaskata ya faɗa. Gobe in matarsa ta haihu ka je barka, in an yi masa rasuwa ka je gaisuwa ka zauna a tabarma tare da jama'a. Mutanen garinku da yawa ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, halinku kaɗai za su karanta.

Akwai kuma wasunku da ba hukunta kowa ke damunsu ba, tsoron kansu ne ya cika su. Yarinya ta yi kuskure shekarun baya, ta tuba, amma kullum za ta hau motar Gusau sai gabanta ya faɗi, tana tunanin in aka tare hanya ta mutu yau ina za ta. 'Yata, ki saurare ni. Ba ƙarfin riƙonki ne ya cece ki ba, wanda ya riƙe ki ne mai ƙarfi. Ya yi alkawari a Yohanna sura 6 cewa wanda ya zo wurinsa ba zai kore shi ba. Wasiƙar Yohanna ta fari ta ce in mun furta zunubanmu zai gafarta, don shi mai aminci ne, kuma an rubuta ta ne domin masu bi su san suna da rai madawwami. A misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a, wanda ya kasa ɗaga ido sama yana roƙon jinƙai shi ne ya koma gida karɓaɓɓe, mai lissafin azuminsa da zakkarsa ya tafi hannu wofi. Baƙin cikin da kike ji a kan zunubi alama ce Ruhu yana aiki a cikinki.

Saboda haka, 'ya'yana, yau ɗin nan kafin ku kwanta, kowa ya ajiye waya ya buɗe Luka sura 13 da sura 23 ya karanta da kansa. Wanda bai taɓa miƙa ransa ga Almasihu da gaske ba, sunan gida kawai yake ɗauke da shi, ya durƙusa ya yi, sa'an nan ya nemi fastonsa ko wani dattijo mai tsoron Allah ya gaya masa. Wanda ke riƙe da haƙƙin wani, kuɗi ne ko gona ko mutunci, ya mayar tun mai shi yana da rai. Wanda ya tura saƙon da ya jefa wani wuta ya goge shi, in da hali ya je har gida ya nemi gafara. Ku riƙa yi wa garuruwanku addu'a da sunayensu, Anka da Gummi da Bukkuyum da Zugu, da waɗanda ke ɗaure a daji, da waɗanda suka ɗaure su. Ni ma ku sa ni a addu'a. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.